Kaset ɗin Matarsa Yana Hannuna, Shi Kuwa Ya Goge na Mahaifiyata

Wani dattijo daga cikin 'yan wannan zaure ne ya turo, ya ce a ɓoye sunansa.

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Don Allah ku ba ni shawara kafin ranar Juma'a, domin abin da zuciyata take raya mini ba mai kyau ba ne, kuma maganar gaskiya ina son in aikata shi. Na kusa shekara sittin, tsohon malamin firamare ne ni a Tudun Wada, ku yi haƙuri da tsawon rubutun, sai na faro daga tushe za ku gane.

A ƙarshen shekarun tamanin, ina sabon malami, ba ni da wata jaraba sai ta sauti. Ban shan taba, ban zuwa kallon ƙwallo, ni dai rikoda da amfilifaya da sifika. Kayan nawa duk kwance ne, na hannu, amma na ɗauki alkawarin sai sun yi ƙara kamar na masu hali. Na cire sifika daga akwatinta na ɗora a bakin tulu don ta ƙara nauyin murya, na cusa auduga a cikin ɗaya akwatin, na zuba yashi a buhu na ɗora amfilifaya a kai don kar ta riƙa rawa, kan rikoda kuwa kullum sai na goge shi da sufirit kamar mai wanke jariri. Mutane suna cewa Malam ya zautu, ni ko a jikina. Abokin wannan hauka tawa shi ne wanda zan kira Garba, ba sunansa ba ne, mai gyaran agogo da rediyo a bakin kasuwa. Ɗaki ɗaya muka kama muka tara kayan, kowa da makullinsa, duk yamma bayan la'asar muna ciki muna canja waya muna saurare, muna musu a kan abin da wani ko ya kasa kunne ba zai ji bambanci ba.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne wani ƙugi da yake bin sautin a ƙasa-ƙasa, zuuu, kamar ƙudan zuma ya shiga tulun. Mun gane daga wayar da ta haɗa rikoda da amfilifaya yake shigowa. Wani hutu na tafi gida, rugarmu tana gefen Dangora, na tafi da wayoyin jan ƙarfe da na kwance daga wata tsohuwar fanka, ina zaune ina ƙoƙarin murɗa su wuri ɗaya suna warwarewa. Mahaifiyata, Inna, tana gefe tana kallona. Da ta gaji da ganin shirmen sai ta miƙo hannu ta karɓa, ta raba su uku, ta taka bakin da ɗan yatsan ƙafarta, ta tufka su yadda take tufka igiyar ɗaure maruƙa. Ba ta tambaye ni ko ta mece ce ba. Na dawo Tudun Wada na liƙa mata baki da dalma, na naɗe da tef, na jona, wallahi ƙugin nan ya ragu har sai ka sa kunne a tulun kafin ka ji shi. Ranar har rawa na taka ni kaɗai a ɗaki.

To a nan ne sai na yi muku bayanin wani abu. Ni ɗan fari ne, Inna kuma Bafulatana ce ta gaske. Tunda na buɗe ido ban taɓa jin ta kira sunana ba, ko sau ɗaya. In tana so na sai ta ce "kai" ko ta ce da ƙanwata "kira wancan". Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka aka tashe su, duk wanda ya fito daga irin gidajenmu ya sani. Amma ni abin yana damuna a rai tun ina ƙarami. Da Babbar Sallah ta zo na tafi da ƙaramar rikoda mai batir, na ce ina son in ɗauki muryarta. Ta ƙi, ta ce ita ba ta magana da akwati. Sai na danna, na ajiye wa ƙanwata, na fita wajen shanu. Da na dawo gari na kunna, sai ga Inna tana ta zuba, Hausa da Fulatanci a cakuɗe, labarin saniyarta da ta haihu, da damina, da yadda na yi ƙyanda ina goye har aka cire rai da ni. Can tsakiya ta fara yi mini addu'a, kuma ta ambaci sunana. Sau biyu. Da alama a wajenta tunda ba na wurin, kuma akwati take faɗa wa, ba a karya kunya ba. Na zauna a ƙasa na yi kuka kamar yaro. Damina mai zuwa Allah ya yi mata rasuwa.

Kaset ɗin nan na ɓalle masa kunnuwa biyu na sama, waɗanda in babu su rikoda ba za ta yarda ta ɗauki wani abu a kansa ba. Na rubuta INNA da jan biro gaba da baya, na sa a gwangwanin biskit na ajiye a ɗakin kayan sautin, saboda a can ne kawai zan iya jin ta da kyau.

Garba kuwa tun ranar da wayar tufka ta yi aiki ya kasa zaune ya kasa tsaye. Shi ne mai gyara, ni malamin makaranta, ga kuma 'yan majalisa suna tsokanarsa wai tsohuwa a ruga ta fi shi sanin lantarki. Sai ya hau mota ya tafi Kano ya sayo wata waya mai kauri, baƙa, mai bakin ruwan gwal, ya ce 'yar waje ce, za ta kunyata igiyar maruƙa. Yadda muke gwaji shi ne, a ɗauki kiɗa iri ɗaya daga rikoda zuwa rikoda, sau ɗaya ta wannan waya, sau ɗaya ta waccan, sai a kunna wa mutane ba tare da an gaya musu wanne ne wanne ba. Ranar da ya dawo ina Kiru wajen wani taron malamai. Ya kasa jira. Ya duba babu kaset ɗin da ba komai a kai, shagon mai sayarwa a rufe an tafi ɗaurin aure, sai ya buɗe gwangwanina. Ya ga jan biron, domin makaho ma sai ya gani. Ya yagi takarda ya dunƙula, ya toshe ramukan kunnuwan nan biyu, ya danna.

Bayan kwana biyu na dawo, na sa kaset ɗin don in ji muryarta, sai na ji Garba yana cewa gwaji, gwaji, ɗaya, biyu, yana dariya, kiɗa ya biyo baya. Na juya ɗaya gefen, dama babu komai a can. Na mayar na saurara har ƙarshe. Sai dab da zaren zai ƙare kiɗan ya yanke, muryar Inna ta fito, abin da ya rage kawai shi ne, "To shi ke nan, a kashe abin nan haka." Sunana ya tafi.

Da na tare shi da farko rantsuwa ya yi, wai wayata ta tufka ce ta jawo maganaɗisu ta cinye zaren. Na kunna masa muryarsa a gaban mutane, sai ya koma cewa ai bai san abu ne mai muhimmanci ba, kuma mene ne abin tayar da jijiyar wuya a kan kaset. Washegari ya aiko mini da sabon kaset a ledarsa, wai ya biya. Wannan aiken ya fi gogewar ƙona mini rai. Na kwashe kayana daga ɗakin. Dattawa sun shiga tsakani, limaminmu ya ce gaba ba ta halatta, don haka ina amsa sallamarsa, amma iyakarta ke nan. Ya koma Bebeji da sana'arsa bayan wasu shekaru. Fiye da shekara talatin yanzu, kalmar "yi haƙuri" ba ta taɓa fitowa daga bakinsa ba. 'Ya'yana bakwai, babu wanda ya san muryar kakarsa sai wannan jimla guda.

Ni ban bar jarabar ba. Har yau rikodata tana aiki, na koyi juye kaset zuwa memori, mutane suna kawo mini na wa'azi da na biki daga Doguwa har Bebeji. Ranar Asabar da ta wuce aka yi sallama, na fito na ga wata mata da mijinta a kan babur. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, ta ce, "Baba, ni ce 'yar Malam Garba ta fari." Ta ce mahaifinta ya samu shanyewar ɓarin jiki, magana ma da ƙyar take fita. Ta kwance bakin mayafinta ta fito da kaset. Ta ce muryar mahaifiyarta ce, wadda ta rasu tana da wata takwas a duniya, Garba ne ya ɗauka suna hira a tsakar gida tana da cikinta. Ba ta taɓa ji ba, ya ɓoye shi duk tsawon shekarun nan saboda ba ya iya saurare, sai yanzu ya nuna musu inda yake. Sun kai wurare biyu an ce zaren ya yi rauni, ba a jin komai sai shuuu. "Shi ne mahaifina ya ce a kawo maka, ya ce duk ƙasar nan kunnenka kaɗai ya yarda da shi."

Kun ji fa. Wai kunnena kaɗai ya yarda da shi. Na tambaye ta ko ya ba ta wani saƙo bayan wannan, ta ce a'a. Na ƙara tambaya, ta yi tunani ta ce wallahi babu. Da gani ba ta san komai ba. Na karɓa na ce su dawo Juma'a bayan masallaci.

Ba zan ɓoye muku ba, da na juya kaset ɗin na ga shi ma ya ɓalle kunnuwan, ya rubuta sunan matarsa da biro, sai da na yi dariya ni kaɗai. Ashe ya san amfanin ɓalle kunne. Ashe ya san abin da mutum yake nufi in ya rubuta suna a kan kaset. Wani daɗi mara kyau ya cika mini ciki, na ce yau Allah ya kawo mini shi har gida, a bakin mayafin 'yarsa.

Na dai fara sauraro. Na buɗe shi na canja ɗan soson da yake danne zaren, na goge kan rikoda, na juya ƙaramin sukurun da ke gefensa a hankali har muryar ta fara tasowa. Da wayoyin zamani da nake aiki da su ƙugi ya rufe ta. Sai na ɗauko wayar Inna, tana nan na naɗe a tsumma, na jona. Sai ga matar Garba, yarinya ɗanya, tana magana tas, tana dariya, tana cewa ya kashe abin nan ita kunya take ji, tana cewa in mace ce ga sunan da take so a sa. Sunan matar da ta durƙusa mini ne. Ban juye ba. Na cire kaset ɗin, na yagi takarda daga littafin jikana, na dunƙula, na toshe ramukan biyu. Yanzu haka yana cikin rikoda, danna jan maɓallin ɗauka kawai ya rage. In na ce zaren ya mutu babu wanda zai musa, tunda wurare biyu sun riga sun faɗa.

Akwai kuma wata dabarar da ta fi wannan yi mini daɗi. In juye nasa gwajin a memori, da dariyarsa da kiɗansa da jimlar Inna ta ƙarshe, in ba 'yar ta kai masa, a kunna masa yana kwance a gaban iyalinsa, ya ji abin da na ji, ba shi da bakin rantsuwa wannan karon. Matata ta ce in na yi ko ɗaya daga ciki ba za ta ƙara kallona da mutunci ba, ta ce yarinyar me ta yi maka. Na ce ni me na yi masa? Ƙanwata kuwa, wadda ta riƙe rikodar ranar, ita kaɗai ce shaidar cewa Inna ta taɓa kiran sunana, cewa ta yi in riƙe kaset ɗin, kar in goge kar in bayar, sai an ɗauko shi a mota an kawo shi ƙofar gidana ya nemi gafara ko da da hannu ne. Amma an ce jikin nasa kullum baya yake yi, in ya mutu kafin nan fa?

Na san abin da addini ya ce, na koyar da shi a aji, kar ku cika ni da wa'azi kawai. Ku gaya mini yadda mutum zai yi da hannunsa ya ba wanda ya raba shi da muryar uwarsa kyautar muryar matarsa, kuma ta wayar da uwar ta tufka, shi ko haƙuri bai bayar ba. Sau uku ina ɗora yatsa a kan maɓallin nan. Abin da yake tsayar da ni ba Garba ba ne, ko kaɗan ba na tausayinsa. Wurin da matar ta faɗi sunan 'yarta ne, domin duk duniya babu wanda ya kai ni sanin abin da mutum yake ji in ya ji sunansa a bakin uwarsa.

Juma'a saura kwana biyu, takardar tana nan a ramin ban cire ba. In goge, in aika masa da dariyarsa, in riƙe sai ya zo, ko in juye mata in haɗiye shekara talatin ni kaɗai? Don girman Allah ku faɗa mini gaskiya, in ku ne me za ku yi?