Umma da Kwamfutar Yaya

Litinin, 4 ga Maris

Umma ba ta ci jarrabawar ba. Sai da muna wanke-wanke ta faɗa, kamar labarin wata take ba ni. Watanni ke nan tana wannan karatu ta intanet. Mai shagon maganin da take aiki ya ce sai da takardar shaida zai bar ta ta tsaya a kantar shagon tana sallamar masu saye, in ba haka ba ta ci gaba da jera kwalaye da goge gilasai. Dama ɗaya ta rage mata, Asabar ta sama. Ta ce ba za ta sake ba, kanta ya tsufa.

Ba kanta ba ne. Ranar ina bayanta ina guga, na gani. Duk amsar da ta danna sai ɗan zoben nan na kan allon kwamfuta ya yi ta juyawa kafin tambaya ta gaba ta fito, agogon da ke gefe kuwa ba ya jiran kowa. Rabin tambayoyin ko ganinsu ba ta yi ba.

Na so in faɗa mata. Na ɗauraye kofi ɗaya har ya fara ƙara a hannuna.

Laraba, 6 ga Maris

Bayan darasin kwamfuta na tsaya ina gyara jakar da ba ta bukatar gyara har kowa ya fita. Na tambayi Malama me ke sa shafi ya yi nauyi. Ta ce in ɗaga murya, ko ni ma sabis ɗina ne ba ƙarfi? Na ji kamar in nutse. Amma ta ja kujera ta zaunar da ni. Ta ce ba kullum ne laifin sabis ba, wani lokaci burauzar, wato manhajar da ake buɗe shafi da ita, ce aka ɗora wa kaya. Ta nuna min inda saiti yake, da inda ake share tarkacen da burauza ke tarawa, da yadda ake hana bidiyo kunna kansa. Har hotuna ana iya hana su fitowa, amma ta ce wannan sai in ta kama dole.

Ta tambaya kwamfutar ta waye. Na ce ta gida.

Alhamis, 7 ga Maris

Kwamfutar ta Yaya ce, ya bar mana da zai koma makaranta. Baba yana kiranta Kaka, wai sai ta gama miƙa take amsa gaisuwa.

Na buɗe kafin Umma ta dawo. Shafukan da ke buɗe a sama sun yi yawa har sun sirance kamar tsinken tsintsiya, ko suna ba a gani. Na danna wasu. Darasin farko, na biyu, na auna maganin yara, na magungunan da ba a haɗawa. Ashe tun ranar da ta fara ba ta taɓa rufe ko ɗaya ba.

Ban taɓa komai ba. Na daɗe dai ina kallo.

Juma'a, 8 ga Maris

Na faɗa wa Umma shafukan ne suka yi wa Kaka nauyi. Ba da kyau ba, na fara daga tsakiya na koma farko, amma na faɗa. Ta ce kar in kuskura in taɓa mata karatunta, in aka rufe ai ya tafi, ita ba ta da wanda zai dawo mata da shi.

Na roƙe ta shafi ɗaya kawai. Na danna ɗan tauraron da ke gefe, na rufe. Ta riƙe min wuyan hannu har na ji zafi. Na buɗo shi daga inda aka adana, ga shi nan, har layin da ta tsaya. Ta ce in sake. Na sake. Ta ce in matsa.

Da kanta ta rufe sauran, ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai ta karanta sunansa a fili tukun. Baba ya leƙo ya ce yau Kaka aski ake mata? Umma ta ce ya je ya duba ruwan shayinsa.

Lahadi, 10 ga Maris

Na kira Yaya saboda 'yan manhajojin da ya liƙa wa burauzar. Akwai mai kawo sakamakon ƙwallo, akwai mai canza launin kibiyar da ke yawo a allo, akwai wata da shi kansa bai san aikinta ba. Ya yi ta dariya, wai ni Shiru-shiru na zama injiniya, nawa ne kuɗin aiki? Na ce in cire ko in bari. Ya ce to ranki ya daɗe, cire.

Na share tarkacen, na kula ban goge lambar sirrin Umma ba. Sai kuma na hana hotuna. Na san abin da Malama ta ce, amma da na ga yadda shafi ke faɗowa nan take, na kasa mayarwa. Umma ta yi tambayoyin gwaji duka har lokaci ya rage mata. Ta kalli agogon, ta kalle ni, ta koma ta kalli agogon.

Talata, 12 ga Maris

Umma ta ce za ta sake jarrabawar. Tana yanka albasa ta faɗa, ba ta juyo ba.

Juma'a, 15 ga Maris

Gobe ne. Ni ce ba na iya cin abinci, ita kuwa har waƙa na ji tana yi.

Asabar, 16 ga Maris



Umma ta ce kowa ya fita daga falo. Baba ya tafi wanke mota da ba ta yi datti ba. Ni na zauna a bakin ƙofa da littafin lissafi, ina jin ƙarar dannawa, tak, tak, ba tsayawa. Can sai shiru. Shirun ya yi tsawo.

Na leƙa. Ta naɗe hannu tana jira, kamar yadda ta saba jiran Kaka. A allon akwai rubutu a sama, ƙasansa farin akwati ba komai a ciki. Tambayoyin gwaji duk rubutu ne, ban taɓa tunanin na gaske za su zo da hoton kwalbar magani ba. Tana jiran abin da ba zai taɓa fitowa ba, kuma ni kaɗai na sani.

Ban tuna tashina ba.

"Umma, ni ce. Ni na rufe hotunan. Ba zai fito ba sai na buɗe."

Ta ce in an taɓa, amsoshinta fa? Gaskiya ban sani ba. Bayan an buɗe hotuna sai an sabunta shafin, kuma ban taɓa gwada haka ana cikin jarrabawa ba. Abin da na gani kawai, a gefe lambobin da ta amsa sun zama kore, na ce mata ina jin kore yana nufin an adana. Ina jin, na ce, ba na tabbata ba.

Ta dube ni, ta ja kujerarta baya kaɗan.

"Yi."

Na shiga saiti, yatsana ya kauce, na koma, na buɗe, na danna lanƙwasasshiyar kibiyar. Allon ya yi fari fat. Sai lambobin suka dawo da korensu, kwalbar ta fito da rubutun jikinta. Na kawar da kai don kar in karanta tambayar.

"Fita," ta ce, ta riga ta fara dannawa.

Ta kai ƙarshe. Ta ce saura kaɗan lokaci ya cika, amma ta ga kowace tambaya da idonta. Na fara ba ta haƙuri, ta ce in ɗauko mata ruwa, maƙogwaronta ya bushe.

Litinin, 18 ga Maris

Ba sakamako. Umma ta duba kafin ta fita aiki, ta duba da ta dawo. Tana gamawa ta rufe shafin ba tare da ta lura ba.

Alhamis, 21 ga Maris

Ta ci. Baba ya karanta makin a fili har maƙwabciyarmu ta jiyo ta katanga ta shigo. Mai shagon ya ce ranar Litinin ta zo da farar riga.

Maƙwabciyar ta tambayi yadda aka yi. Umma ta buɗe baki, sai kawai na ji ana ba da labarin, da farin akwatin da komai, har da kwaikwayon yadda Umma ta naɗe hannu. Suna ta dariya. Sai da na kai ƙarshe na gane ni ce ke magana.

Wai gobe maƙwabciyar za ta kawo wayar mijinta in duba, ita ma nauyi take yi. Na ce ta zo bayan na dawo daga makaranta. Ba wani abu ba ne, saiti ne kawai. Amma zan tambaye ta tukun ko yana son hotunansa.