Matashin Nababa

Zakirai, farkon watan Afrilu

Zuwa ga Maigida, Baban Sakinatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da masu haƙar rijiyar nan da kake tuƙa wa mota. Mu nan sai godiya. Inna tana gaishe ka, ƙafar tata da sauƙi.

Ka yi haƙuri da rubutun, na ajin yaƙi da jahilci ne, amma wannan maganar ba zan ba kowa ya rubuta mini ba. Ranar da za ka tafi ka ce matashinka ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. To, ba audugar rimi kaɗai ce a ciki ba. Irin geronmu ne, mudu uku, wanda marigayi Baba ya bari. Rumbu ya ƙare ƙarƙaf, kuma ranar da Sakinatu ta yini tana kukan yunwa sau biyu ina kai hannu kan tulun irin. Na san kaina. In yana gidan nan sai na daka shi. Shi ya sa na ɗinke shi a matashin, ya yi nesa da turmina.

Don Allah ka kula. Na ga yadda kake wurga kayan kwanciyarka kan kariyar saman mota. Ka naɗe matashin cikin bargo, bargon cikin tabarma, sannan ka rufa tampol. Kada ya kusanci jarkar mai. Kada raɓa ta taɓa shi. In ya jiƙe, ba mu da abin shukawa bana.

Allah Ya tsare hanya. Taka, Hure.

*

Bayan Dawakin Tofa, ƙarshen Afrilu

Zuwa ga Hure,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa da fatan alheri gare ki, da Inna, da 'yar baba. Muntaka ɗan garinmu ya kawo mini takardarki. Ashe sati uku ina ɗora wannan ƙaton kan nawa a kan gonarmu ban sani ba!

Na bi umarni, ranki ya daɗe. Na shimfiɗa kwali a ƙasa saboda zafin ƙarfe, na naɗe yadda kika ce, bakin tampol na kallon baya don kada iska ta shiga. Igiya uku nake ɗaurewa. Dabo, babban mahaƙinmu, ya mai da ni abin dariya. Wai shekara biyu sama ba ta yi ko tofi ba, amma Nababa na lulluɓe tsumman bargonsa kamar kayan amarya. Ni dai murmushi nake yi.

Wani abu kuma. Tun da na sani, in na kishingiɗa a inuwar mota bayan azahar, sai in ji ƙanshin irin yana tasowa. Ina lumshe ido sai in gan ni a gonarmu ta bakin tsamiya, gero ya fi ni tsayi, ganye na goga mini kunne, ke kuma kina can gaba da ƙwaryar fura ina jin muryarki ban gan ki ba. In na farka, ƙasa ce ja fetal har iyakar gani. Wani lokacin ba na son a tashe ni.

Gobe za mu wuce wajen Shanono. Ki kwantar da hankalinki.

Naki, Nababa direba.

*

Zakirai, tsakiyar watan Mayu

Zuwa ga Baban Sakinatu,

Sallama da gaisuwa. Mafarkinka ya sa ni dariya, ya kuma sa ni kuka. Ni ma ina yin irinsa, amma ido biyu. Ina tsaye ina dafa zogale sai in ji kamar ƙarar shiƙa a bayan ɗaki.

Gabas ta fara haɗa hadari da yamma, yana watsewa. Ni da ƙaninka Khalilu mun yi sharar gona, mun kai taki da jakin Malam Uwaisu. Komai ya shirya, kai kaɗai ake jira. Inna ta leƙa tulu ta tarar babu komai, dole na faɗa mata. Sai ta ce da ma ita ma ta fara tsoron hannunta.

Ranar da ka ga ruwan fari, ka nemi izini ka taho.

Taka, Hure.

*

Unguwar Ɗanliti, bayan Shanono, watan Yuni

Hure,

Assalamu alaikum. Ban san ta inda zan fara ba, gara in faɗa kai tsaye. Irin ya jiƙe.

A garin nan mata kan yi layi tun safe a bakin rijiyar da muke yi, da goyo, babu ko bishiya ɗaya. Na ga wata ana ce mata Kaltume tana kare jaririnta da faifai, sai na kwance tampol ɗin na kafa musu rumfa. Kullum haka nake yi, in mayar da yamma. Ranar Laraba da la'asar sai ga iska mai sanyi, kafin a ce me ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Hure, kowa ya fito fili. Tsofaffi na kabbara, Dabo na kuka da gemunsa. Ni ma na tsaya na ɗaga fuska, na ga gonar nan ta mafarkina ƙiri-ƙiri a gabana. Ina tsaye ina kallonta, ita kuwa ta gaske, ta cikin matashi, tana saman mota tana shan ruwa.

Da na tuna, sai tsoro ya sa na yi wauta ta biyu. Maimakon in farke matashin in shanya, na ƙudundune shi a jiƙe cikin tampol na ɗaure tamau, wai in taho gida. Rafi ya cika ya tare mu a garin nan kwana uku. Da na kwance, fararen saiwoyi sun huda ɗinkinki.

Dabo ya duba ya ce wannan ba zai kai Zakirai da rai ba, ko a sa shi a ƙasa yau ko a zubar. Mutanen nan kuwa sun cinye nasu irin tun bara, gonakinsu a share, babu abin sawa. Kaltume da sauran matan suka ɗiba a hankali a ƙwarya, maza suka yi saran shuka, muka shuka shi duka kafin magariba. Yau ya fito, layi-layi, kore shar.

Mai unguwa ya ce da kaka za su rama. Na san wannan ba zai cika gonarmu bana ba. Kin raba shi da bakin 'yarki kika ba ni, ni kuma na kasa. Kunya ta hana ni tahowa. Ki yafe mini.

Nababa.

*

Zakirai, watan Yuli

Baban Sakinatu,

Wa alaikumus salam. Sati uku ina fushi, kuma ban gama ba. Gonar bakin tsamiya wake kaɗai muka samu muka sa, rabinta ciyawa ce. Ba na bi ta wajen.

Jiya Inna ta sa na sake karanta mata takardarka. Ta ce in tambaye ka, geron Baba ya kai ina yanzu, gwiwa ko ƙugu?

Ga sabuwar rigar matashi nan na ba Muntaka, babu komai a ciki. Ka kai wa Kaltume, ka ce ina gaishe ta da jaririn, da kaka ta cika mini da hannunta. Kai kuma ka taho gida hakanan, Sakinatu na tambaya. Ran da za ka koma ka ɗauko matashin da kaka, ban yarda da saman mota ba. A cinyarka za ka riƙo shi.

Wassalam. Taka, Hure.