Sabar Kamfani Ta Hana Ni Zuwa Duba Umma

Anti, don Allah ki taimaka mini da shawara, kaina ya kulle.

Ni kaɗai ce mai kula da kwamfutoci a wani kamfanin rarraba magunguna. Duk aikinmu yana cikin babbar na'ura guda da muke kira sabar, tana wani ɗan ɗaki marar taga a bayan ofis, mai sanyi kamar cikin firij. Yawancin ma'aikatanmu daga nesa suke shiga cikinta, wasu daga gida, wasu daga rassa. To tun farkon shekarar nan ta ɗauko wani hali. Ana cikin aiki sai ta rufe ƙofa, kowa ya sa kalmar sirrinsa ta ce ba ta san shi ba. Har ni da nake kula da ita sai ta ƙi ni. Na canja kalmomin sirri, na duba katangar tsaro, na sabunta makullan shiga, na yi faɗa da masu ba mu intanet har mun gaji da juna. Ba abin da ke sa ta dawo hayyacinta sai in je da ƙafata, in buɗe ɗakin nan, in kashe ta in kunna. Ta yi lafiya kwana kaɗan, ta sake.

Idan ta tsaya, motocin magani ba sa fita, asibitoci na jira. Shi ya sa ba na iya cewa a'a.

Ga kuma Umma, ɓarin jikinta ya shanye, tana garinmu, tafiyar yini guda. Yayata ce kaɗai ke juya ta, ta yi mata wanka, ga nata yaran. Na nemi hutu, oga ya yi dariya ya ce ai ni ce numfashin kamfanin, in bari abubuwa su lafa. Kullum yabo, amma yabon nan ya zame mini igiya. Makon jiya na yi ƙarfin hali na tafi tasha, har na zauna a mota da jakata a cinya, sai ga waya daga ofis: sabar ta sake rufewa. Na gwada shiga ta laftof ɗina a nan cikin mota, ta ƙi. Na sauka, direba yana ta mita, na koma ɗakin sanyi na zauna a ƙasa ina kuka, fankokinta na ta gurnani a kaina.

Yaya ta daina yi mini faɗa, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ta ce Umma ma ta daina tambayar yaushe zan zo, sai dai ta ce wa masu dubiya ina can ina gadin injin mutane. In na ajiye aikin, da me zan taimaka musu? In na zauna, ina tsoron wayar da za a yi mini wata rana. Yaya zan yi?

'Yar ɗakin sanyi

Ƙanwata,

Allah Ya ba Umma lafiya, Ya saka wa yayarki. Ki share hawaye mu yi magana.

Ban san kan sabar ba, don haka na tambayi wanda sana'arsa ce. Ya ce na'urar da ke warkewa da kashewa da kunnawa, galibi wani abu ne ke taruwa a cikinta har ya shaƙe ta: ko ma'ajiyarta ta cika da bayanan da take rubuta wa kanta, ko mutane na gama aiki a cikinta su tafi ba su rufe shigarsu ba, ko agogonta na zamewa har ta daina yarda da kowa. Ya ce idan ta sake, kada ki yi saurin kashewa. Ki fara duba waɗannan tana cikin ciwon, don kashewar ce ke goge miki shaida. Ya kuma ce a nemi ƙwararre daga waje ya duba tare da ke, a buɗe wata hanyar kunna ta daga nesa. Neman taimako ba gazawa ba ne.

Amma babbar matsalar ba ta na'ura ba ce. Ogan naki ba lallai mugu ne ba, tsoro yake ji, kuma tsoronsa na da dalili, tunda marasa lafiya na jiran maganin. Sai dai shi ya bar kamfani guda a wuyan mutum ɗaya, ke kuma kin saba masa da cewa ko daga tasha za ki sauko. Wanda ake gyara wa matsala kullum ba ya jin zafinta.

Kashewa da kunnawa ba ya buƙatar digiri. Ki zaɓi mutum biyu masu natsuwa a ofis, ki shiga da su ɗakin, su yi da hannunsu kina kallo, a ba su izinin buɗe ƙofar. Sannan ki sami oga, cikin ladabi, ki gaya masa ranar tafiyarki da sunayen waɗanda za su riƙe wurin. Sanarwa za ki yi, ba roƙo ba. Kada ki ajiye aiki cikin fushi. Idan ya ƙi duk wannan, to kin san inda kike, sai ki fara neman wani wurin a hankali.

Wannan karon idan kin zauna a mota waya ta yi ƙara, ki ba su lambar waɗanda kika koya wa, ki gyara zama. Ki je ki karɓi yayarki ko na mako guda ne, ta samu ta yi barci. Ki gaishe mini da Umma. Allah Ya kai ki lafiya, Ya sa ki same ta da sauƙi.

Antinku