Karsanar Sadakin Ummulkhair

Zuwa ga ɗana Jamaluddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kana lafiya, kai da iyalinka, Ya tsare ku a Ikkon nan taku. Mu nan Sule Tankarkar lafiya lau, in ka cire gwiwata da bakin Iyarku, su ne ba sa hutawa. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san daga aji huɗu aka tura ni kiwo.

Maganar ƙanwarka Ummulkhair ce ta hana ni zama wuri ɗaya. Ta kai mijinta Barau kotu a Gumel tana neman rabuwa. Shi ya ce bai ƙi ba, amma a mayar masa da sadakinsa. To, karsana ce sadakin, ta haihu, 'ya'yanta ma sun haihu. Barau ya ce duk nasa ne, har nonon da aka sha sai an lissafa. Ni da na fi kowa sha, ka ga ƙara ta hau cikina. Shanun nan kuwa su kaɗai ta mallaka, ita da yaranta.

Kawunka Hamma ya ce akwai lauyoyin kyauta a Dutse. Ni da basirata na ɗauka sai da kyauta ake ganinsu, na ɗaure zabbi biyu na hau mota. Lauyar, wata Hajiya Sharifa, ta yi dariya har ta cire tabarau, ta ce ba a biyan ko sisi. Ta bayyana mini cewa in aka tabbatar wa alƙali Barau ya cutar da Ummulkhair, yana iya raba auren ba tare da ta mayar da komai ba, amma sai da shaidu. Na ce ga ni, ta ce uba ba ya yi wa 'yarsa shaida. Ɗan'uwa yana iya yi in an san shi da gaskiya. Gara da ba ni ka biyo ba.

Maƙwabcinsu ya yarda zai tsaya. Saura kai, da ka zauna gidansu a Maigatari daminar da Barau ya tafi Damagaram bai bar mata ko tiya ɗaya ba. Na san amininka ne, kai ka kawo shi gidan nan. An ɗage zama sai bayan Sallah. Ka zo, ko ka faɗa mini ba za ka zo ba. Kullum sai ƙanwar taka ta tambaye ni ko ka kira, ni kuma barkwancina ya ƙare.

Ka gaida matarka Lauratu da su Zayyad. Iyarku da Hamma suna gaishe ku.

Babanka,
Dalhatu