Kan Mai Kitso

Yayata abar ƙauna,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ciwon gwiwar? Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba.

To, abin da ba a rasa ba ɗin a kaina yake. Matar tela, maƙwabciyata da ke yi mini kitso, tana cikin tsaga sai na ji hannunta ya tsaya. Da ta haɗa mini madubi biyu sai ga wani fili a ƙeyata, sumul, kamar gindin kofi. Ba ƙaiƙayi, ba zafi, gashin ne kawai ya tattara ya bar wurin.

Na tsorata, Yaya. Wace mace ce za ta miƙa kanta ga mai kitson da nata kan ke zubewa? Za a ce makero ne, a ce a matajina ake ɗauka, shago ya koma kufai. Mai kayan shafa ta ce in riƙa goga tafarnuwa safe da yamma. Na goga har fatar ta saɓule, garin gyaran gira na kusa rasa ido. Yanzu kullum ɗankwalina tamau har bisa gira, mata na tsokanata wai na zama ustaziya.

Ki sa ni a addu'a. A gaida kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, saƙonki ya iso, kuma na bi maganarki na je wurin likitan fata.

Ya fara da yi mini faɗa a kan tafarnuwa. Sannan ya ce ba makero ba ne, ba a ɗauka, ba kuma bakin mutane ba ne. Wai garkuwar jikina ce ta rikice take faɗa da saiwar gashi. Idan ƙunar tafarnuwar ta warke zai yi mini allura a wurin, kuma galibi gashin yakan dawo, sai dai a yi haƙuri.

Har na miƙe ya ce in janye ɗankwalin daga gaba. Ya nuna mini yadda gashin goshina ya ja da baya, ya ce wannan ne ya fi damunsa, kuma jan kitso ne. Idan aka sassauta da wuri yakan farfaɗo, idan saiwar ta mutu kuwa babu man da zai tashe ta. Ya tambaye ni wace ce ke ɗaure mini kai haka. Na ce maƙwabciyata, ban dai ce masa ni na koya mata ba.

Kin san da wannan jan aka san ni, kitson da ke wata guda bai tashi ba. Tun daga ranar, duk wadda ta zauna gabana goshinta nake fara kallo, kuma abin da nake gani ba ya mini daɗi. Na fara sassautawa. Har an fara cewa hannuna ya mutu, wasu sun koma shagon bakin titi.

Taki,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Allah ya sa gwiwar ta yi sauƙi.

Albishir, wani gashi laushi-laushi ya fara tsirowa a ƙeya, fari kamar na 'yar kyanwa. Likita ya ce zai yi baƙi.

Jiya matar mai gidan hayarmu ta kawo 'yarta 'yar firamare, shago cike. Ta ce in ja sosai, ba ta da lokacin dawowa kowane mako. Yarinyar ta runtse ido tun ban taɓa ta ba, gefen goshinta duk ƙananan ƙuraje na kitson baya. Na yi bayani, uwar ta ce lalaci ne kawai ya kama ni. Sai na kwance ɗankwalina, na nuna musu goshi da ƙeya, na faɗi abin da likita ya ce game da kowanne.

Mata biyu suka ce wai sun bar tukunya a wuta, suka fice. Uwar ta daɗe tana kallona, ta kai hannu ta shafa nata goshin.

"Yi mata yadda kika ga dama," in ji ta.

Yarinyar har barci ta yi a cinyata. Yau benci rabinsa wayam, kuma ban san ko za su dawo ba. Abin yana mini ciwo, amma ba zan koma wa jan ba.

Saura maganar da na fi jin nauyinta. Ke kika zaunar da ni kika koya mini wannan hannu, da shi na ciyar da 'ya'yana, ba kuma zan taɓa raina shi ba. Amma na bar jan, Yaya, ki yafe mini. Da nake mayar da ɗankwalina jiya, sai na tuna rabon da in ga goshinki tun ina budurwa, ko mu biyu ne a ɗaki ba kya cire ɗankwali. Ba na tambayarki komai. Ki zo kawai, in raka ki wurin likitan, in kuma yi miki kitso da kaina.

Ƙanwarki mai kewarki,
Auta