Miyar da Kowa Ya Yaba

Kowloon, farkon Nuwamba

Zuwa ga Yaya Suk-Yin,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kin huce gajiyar biki, kuma ƙafar Baba ba ta tashi ba saboda tsayuwar da ya sha.

Na san za ki yi dariyar ganin wasiƙa daga wanda jirgin fito ɗaya ne tsakaninsa da ku. Na ɗauki waya don in gaya miki wannan magana, sai na ga ba zan iya tsara ta da baki ba.

Ni na karɓi nauyin shirya abincin bikin cikar Baba shekara tamanin. Kin kuma san ƙaramar ƙungiyarmu, ni da wasu malamai da ɗalibai, wadda ke bin masu biki tana roƙonsu su cire miyar fiffiken shak, babban kifin tekun nan mai haƙora, daga abincinsu, duk da cewa ita ce miya mai tsada da ake taƙama da ita a biki. Da Baba ya ce lallai a sa miyar, ban yi masa musu ba. Na je wurin manajan gidan abincin, muka yi magana a keɓe. Abin da aka kawo ranar nan ba fiffike ba ne. Na jabu ne, wanda ake yi da taliyar wake, aka dafa shi a romon kaza mai kyau.

A ƙa'idarmu, wanda ya cire miyar yakan ajiye ƙaramin kati a kan kowane tebur, mai bayyana wa baƙi dalili. Na zo da katunan a jakata. Da na ga Baba a bakin ƙofa cikin sabuwar riga yana tarbar abokansa, sai na bar su inda suke.

A ganina abin ya wuce lafiya. Kowa ya shanye kwanonsa, abokin Baba, Baffa na Huɗu, har ya yaba kaurin romon. Ina roƙon maganar ta tsaya tsakaninmu. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai: na kira gida da hantsi, 'yarki ta ce Kaka yana barci. Ban san Baba da barcin hantsi ba.

Ki gaida maigidanki da yara.

Ƙanenki,
Man-Hei

*

Cheung Chau

Ah Hei,

Muna lafiya, ƙafar Baba lafiya, yara suna gaishe ka. Gaisuwa ta ƙare, saura kai.

Ta tsaya tsakaninmu? Mu da wa? A zauren nan kaf kai kaɗai ne kake tsammanin akwai wani sirri. Cokalin farko kowa ya gane, har ni. Ba wanda ya ce uffan, don ba a yi wa mai biki haka. Suka shanye, suka yaba, suka koma gida suka yanke hukunci: ɗan Tsoho Kwong, malamin jami'a, ya karye. Wasu na cewa korarka aka yi, wasu na cewa caca ce a Macau. Kai da ko karta ba ka iya riƙewa ba.

Washegari maƙwabciyarmu Inna Mui ta shigo da kwandon lemo da shinkafa, wai ta saya ta yi mata yawa. Baffa na Huɗu ya aiko da kifi mai gishiri, wai ya rasa wurin ajiya. Mutumin da ke da ɗaki guda na ajiya.

Duk wannan Baba ya haɗiye. Gidan shayi ne ya kayar da shi. Ka san yadda shi da abokansa suke yi da safe idan an zo biyan kuɗi, kowa ya miƙe, wannan ya riƙe hannun wancan, a yi ta ƙwace, Baba ya fi kowa hargowa. To yanzu yana kiran mai hidima sai ta ce an riga an biya. Tashi suke yi kamar za su zagaya, su biya a ɓoye. Sun kuma daina tsokanarsa. Baffa na Huɗu, wanda tun ina yarinya ban taɓa jin ya kira shi da wani suna ba sai Sanƙo, yanzu cewa yake, “Yaya Kwong, dawo nan, can akwai iska.”

Ya daina zuwa. Yana zaune a gida gaban talabijin, bai kunna ba. Jiya ya ce mini, “Suk-Yin, yaron nan yana cin abinci kuwa?” Na ce yana ci. Ya ce, “Kada ki tambaye shi komai. Namiji ne.” Sai ya buɗe akwati ya ciro awarwaron Mama, ya ce in kai maka, in ce ni na ba ka.

Ga shi nan a aljihuna yana ƙona ni. Sai ka gaya mini yadda zan yi da shi, malam.

Yayarka

*

Kowloon, tsakiyar Nuwamba

Zuwa ga Yaya Suk-Yin,

Bayan gaisuwa da ban girma, na sami wasiƙarki. Na jinkirta amsa ne saboda duk abin da na rubuta sai in ga kare kaina nake yi.

Ba na janye ra'ayina game da miyar, kuma ina so ki san dalili, tun da ban taɓa zama na gaya miki ba. Na taɓa hawa saman wani bene kusa da tashar jiragen ruwa, na tarar an shanya fikafikai sun rufe rufin, ba wurin sa ƙafa. Kowane ɗaya daga jikin kifi mai rai aka yanko shi. A wasu jiragen, da an yanke sai a mayar da kifin ruwa da ransa, ya nitse ƙasa ba ya iya motsi. Irin da nake nazari a kansa, ɗalibaina na bana ba wanda ya taɓa ganinsa a ruwanmu. A kan wannan ban ji kunya ba.

Kunyar tana wani wuri. Ina tsayawa a gaban iyayen amaren da ban sani ba, in yi musu bayani ido da ido, wasu su kore ni, in koma. Uba ɗaya ne na kasa buɗe wa baki. Na san abin da miyar take nufi a wurinsa. Mutum ne da aka haifa a cikin jirgi, a zamanin da mutanen tudu ba sa zama tebur ɗaya da mutanen ruwa. Ya so ranar nan ya ajiye wa kowa abin da masu gida suke ci. Na san haka, na zaɓi hanyar da ba sai na kalli fuskarsa ba.

Akwai ƙari. A taronmu na makon jiya wata ɗaliba ta sanar cewa an yi babban biki a Cheung Chau, cikin masunta, ba tare da fiffike ba. Aka tafa mini. Suna so su riƙa kafa misali da Baba, wai tsohon masunci da ya gane gaskiya. Na zauna aka gama tafin, ban gyara musu ba sai bayan na karanta wasiƙarki.

Ga shawarata. Zan rubuta wa kowane ɗaya daga abokan Baba, in bayyana cewa halina lafiya, kuma laifin nawa ne. Awarwaron kuwa ki mayar masa, ki ce ba a buƙata.

Ina jiran ra'ayinki.

Ƙanenki,
Man-Hei

*

Cheung Chau

Ah Hei,

Gaisuwa. Kai dai da takarda. Rabinsu sai jika ya karanta musu, ka ga ke nan labarin ya shiga kowace makaranta a tsibirinmu. Kuma wanda ya rubuto wasiƙa yana rantsuwa bai karye ba, wa zai yarda da shi? Inna Mui ƙara shinkafa za ta yi.

Awarwaro ba zan mayar ba. In ce masa me? Ni ba zan faɗi maganarka a madadinka ba.

A tebur aka yi abin, a tebur za a gyara. Ka zo gidan shayi ranar Lahadi da safe, lokacin da duk suke nan. Ka faɗa da bakinka, sannan ka yi yadda ake yi wajen neman gafara: ka zuba masa shayi, ka miƙa da hannu biyu a gaban kowa. In ya sha, an gama. In bai sha ba, ban sani ba.

Na gaya masa kana so ka zo ka gaida baffanni. Ya ce, “Ki goge mini rigar nan. Kada su ce uban ma ya karye.” Zai je saboda kai, yana tsammanin rufa maka asiri zai yi. Ka riƙe wannan a ranka a cikin jirgi.

Ni ina kasuwa ranar, ba zan zo ba. Ko da ba kasuwa ma ba zan zo ba.

Yayarka

*

Kowloon, ƙarshen Nuwamba

Zuwa ga Yaya Suk-Yin,

Gaisuwa da godiya. Ki gafarce ni da ban biyo ta kasuwa ba. Daga gidan shayi kai tsaye na nufi jirgi. Ban san abin da Baba ya gaya miki ba, don haka zan faɗa yadda abin ya faru, gwargwadon iyawata.

Na tarar da su a teburinsu na jikin taga. Sun karɓe ni da taushin murya irin wanda ake yi wa marar lafiya. Baffa Lok ya yi ta tura mini ƙunshin jatan lande yana cewa, “Ci, ci, ka rame.” Baba yana ta ba su labarin yawan ɗalibaina, da ƙarfi fiye da yadda ya saba. Wannan ne ya sa na miƙe, don na ga in na ƙara jira zai kai ga yin ƙarya saboda ni.

Na ce, “Baffannina, ina nan a kan aikina, kuma ban taɓa shiga gidan caca ba. Miyar da kuka sha ta jabu ce. Ni na sa aka yi ta, da gangan, Baba bai sani ba.”

Baffa na Huɗu ya ajiye kofinsa. Ya ce, “Wato kana da kuɗi.”

Na ce ina da abin da ya ishe ni.

“Ba a kore ka ba.”

Na ce a'a.

“To me ya same ka?”

Na yi musu bayanin da nake yi wa kowa, amma bai fito yadda ya saba fitowa ba. Na yi maganar rufin benen, da kifin da ake mayarwa ruwa. Baffa Lok ya katse ni, ya ce, “Kifin da ya cinye ƙafar ƙanin matata kake yi wa makoki?” Wani ya ce ai ƙanin matar tasa a tashar mota ya rasa ƙafa, suka ɗan yi gardama a kan wannan. Sai Baffa na Huɗu ya juya wurin Baba, ya daɗe yana kallonsa, ya ce, “Sanƙo, ashe ba talauci ba ne, hauka ne. Ka biya kuɗin makaranta an mayar maka da ɗa lauyan kifi. A dawo mini da kifina mai gishiri.”

Teburin ya fashe da dariya. Baffa Lok ya ce shi da ke fama da ciki ya tura taliyar nan har ƙasan kwano don darajar Baba, sai an biya shi diyya. Na ga kafaɗun Baba sun sauka. Amma bai yi dariya ba.

Na ɗauki butar, na zuba, na miƙa masa da hannu biyu. Na ce, “Baba, na yi kuskure.” Ya bar ni a haka na daɗe. Sannan ya karɓa, ya ajiye a gabansa. A hankali ya yi maganar, amma kowa ya ji. Ya ce, “Yaro ake ɓoye wa magani a cikin kunu.”

Can sai mai hidima ta zo da takardar kuɗi. Suka miƙe gaba ɗaya. Yaya, sun yi ƙwace na gaske. Baffa na Huɗu ya riƙe masa hannun riga, Baba ya ture shi da gwiwar hannu yana zaginsa, ya fizge takardar. Shi ya biya. Ya fita a tsakiyarsu suna ta surutu, bai waiwayo ba. Kofin yana nan cike lokacin da na tashi.

Ina ganin ya sami abokansa. Ban san ko ni na sami ubana ba. Yanzu kina iya mayar masa da awarwaron.

Ki gaida kowa.

Ƙanenki,
Man-Hei

*

Cheung Chau

Man-Hei,

Ubanka ne. Yayarka ke rubutawa, na ce kada ta gyara mini magana.

Ina lafiya. Ina zuwa gidan shayi.

Da ka tambaye ni, da na ƙi. Da na yi maka ihu, kai ma ka ɗaga murya sau ɗaya a rayuwarka, mu yi wata guda ba ma magana. Wataƙila da na yi nasara, wataƙila da kai ka yi. Wannan faɗan haƙƙina ne, ka hana ni.

Baffanka na Huɗu zai aurar da jikarsa bayan Sabuwar Shekara. Ya ce a turo masa lauyan kifi ya ji da kunnensa. Zai ƙi, na san shi. Ka zo duk da haka. Zan zauna a wurin. Ban ce a gefenka ba.

Shayin ban sha ba. Ka zo ka sake zubawa, mu gani.

Ka ci abinci.

Ubanka