Za a Kira Ni Shaida

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafarki, yaya su Nuhu da makaranta? Ni lafiya lau nake, mun gode wa Allah, barci ne kawai yake ɗan yi mini wuya.

Injin kamfaninmu na roba a Sharada ya datse wa Lawan, abokin aikina, yatsu, kuma a gabana aka yi. Mun daɗe muna cewa injin nan ba shi da murfi. Na raka matarsa wurin 'yan sanda, suka ce ba laifin da za su kama wani a kai ba ne, maganar haƙƙi ce tsakaninsa da kamfani, sai kotun ma'aikata. Wata lauya ta karɓi ƙarar. Ta ce mini, "Godiya, alƙali ba da tausayi yake aiki ba, da shaida yake aiki. Ke kika gani."

Jiya manaja ya tsaya a kaina ya ce, "Masu neman aiki suna nan cike a bakin get."

Kada ki damu, Mama. Amma a bar mini ɗakina, kada a zuba citta a ciki bana. Na riga na ce wa lauyar zan zo.

Ki sa ni a addu'a.

'Yarki,
Godiya